Akwatin da ba ya cikin kaye

Har yau in na tuna da akwatin nan sai raina ya ɓaci, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai ni kaina.

Daminar 2022 na ƙare ta ina yawon ɗakunan shan magani na gefen Yamai, ina lallashin uwaye su bari a ɗebi jinin yaransu masu zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya taɓa yi ya san abin da nake nufi. Na kawo kwalabena labo, na jera a akwatin kwali, na cusa cikin firiza mai sanyin awo 80 ƙasa da sifili. Firiza biyu ce a ginin, mu rukuni huɗu ke rabawa, haka na'urar PCR, mai ninka sinadarin gado don a iya gano shi, guda ɗaya tak. Ita PCR ɗin ce ta ɗauke mini hankali, don a kanta ake rigimar layi, sunana bai taɓa ɓacewa daga kayenta ba, wato littafin da ake rubuta masu amfani da ita. Kayen firiza kuwa, wanda ke rataye da igiya a jikin ƙofa, kullum sai in ce gobe zan cika. Akwatin ma harufa biyu kawai na rubuta masa da alƙalamin kasuwa.

Sinadaran aikin daga Turai ake odarsu, na yi wata da watanni ina jira. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take turo mana. Gurup, wato injin ba da wuta, ya koma aiki dare da rana, gazuwal ya yi wuya, sai aka yanke shawarar kashe firiza ɗaya a haɗe kaya cikin ɗayar. Ita irin wannan firiza ba wuta kaɗai take sha ba, ɗakinta ma sai an sanyaya shi, in ba haka ba injinta ya gaji. Dattijon da ke kula da na'urori ya ɗauki kaye, ya bi layi-layi, duk akwatin da ke da mai shi ya kwashe. Wuri ya ƙare. Abin da ba a rubuta ba aka bar shi, a zaton tarkacen ɗaliban da suka gama ne. Ni ina Tawa wajen biki.

Ran Litinin na tarar da kwalin ya jiƙe sharkaf, tawada ta narke ta bi jikin kwalabe, ruwan jinin ya koma ɗumi kamar ba a taɓa daskarar da shi ba. Na ce, "Baba, ai da kun kira ni!" Ya miƙo mini kayen ya ce, "Ɗiyata, nuna mini lambarki a nan in kira." Na buɗe baki na rufe.

RNA, wani nau'in sinadarin gado da nake son aunawa a jinin, ba ya yafe narkewa, wannan sashen aikin ya tafi ke nan. Abin da ya fid da ni kunya shi ne ɗigon jinin da malamina ya tilasta mini busarwa a takardar tacewa, ina ta gunaguni wai aiki biyu ne. Suna cikin ambulan a durowa tare da ƙwayoyin tsotse laima, ba ruwansu da wuta. DNA na ƙwayar cutar, wato ainihin sinadarin gadonta, yana nan lafiya, sai na karkata binciken zuwa alamun bijire wa magani.

Yanzu kowane samfur kashi biyu nake raba shi, firiza daban-daban, da suna da kwanan wata da lambar waya a kan akwati, kuma kaye nake fara cikawa kafin in taɓa ƙofar. Sababbin ɗalibai har tsoron tambayata suke.

Watan jiya na haɗu da ɗaya daga cikin uwayen nan a kasuwar Katako. Ta gane ni, ta ce, "Likita, me kuka gani a jinin yaron nan?" Na ce mata ana kan aiki.