Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Allo Mai Lita 72

A makon jiya na tsaya a inda na bar gaɓar birnin Essawira na ƙasar Maroko, wadda tsibirin Mogador ke kāre ta daga manyan raƙuman ruwa, na koma ƙauyen Mulai Buzarktun da ke arewa da birnin, inda tekun Atlantika ke bugun duwatsu ba tare da shamaki ba. A nan ne na sayi allona na farko da kuɗin gumina, wato allon wasan hawan igiyar ruwa da ake tsayawa a kansa ana riƙe da ƙyallen da iska ke turawa, kuma a nan ne na yi kuskuren da ya cinye mini kusan wata guda na bazarar Maroko.

Nauyina a lokacin kilo 78 ne, amma na zaɓi allo mai lita 72 (da lita ake auna girman jikin allo), domin na ga irinsa gwanayen wurin suke hawa, yana juya musu a kan igiyar ruwa yadda suke so. Matuƙar iskar arewa tana kaɗawa da ƙarfi, allon yana gudu lafiya. Sai dai kusa da gaɓa, a daidai inda raƙuman ke fashewa, iskar takan yi rauni, kuma da zarar gudu ya ragu sai allon ya nutse da ni har gwiwa, igiya ta gaba ta zo ta yi awon gaba da ni da ƙyallen iskar baki ɗaya.

Wata rana dattijon da ke koya mini ya zaunar da ni a kan yashi, ya ce, "Ɗana, lita ɗaya kilo ɗaya take ɗauka, kuma ba jikinka kaɗai allon yake ɗauke da shi ba." Ya lissafa mini nauyin allon kansa, wanda ya kai kilo 6 ko 7, da ƙyallen da sandunansa, da rigar robar da ta sha ruwa. Na ce, "Malam, ai su ma ƙananan suke hawa." Ya amsa da cewa sun fi ni sauƙin jiki, sun kuma yi shekaru suna koyon tsayuwa a kan allon da ya nutse.

Ƙa'idarsa ita ce, a iska mai ƙarfi litar allo ta yi daidai da kilon mai shi, a iska mai rauni ko mai yankewa kuwa a ƙara lita 10 zuwa 15. Ya kuma gargaɗe ni kada in zarce, domin babban allo yakan yi ta tsalle idan teku ta hargitse, ya ƙi kama ruwa da gefensa wajen juyawa. Har yau ina ganin wannan gargaɗi na biyu ya fi na farko wuyar fahimta ga sabon shiga.

Na sayar da allon da hasara, na sayi na hannu mai lita 88. Washegari na ƙetare wurin fashewar raƙuman a tsaye, na juyo na hau igiyata ta farko har kusa da gaɓa. Mako mai zuwa zan ba da labarin ranar da sandar ƙyallena ta karye a kan duwatsu.