Jinyar kunnen ɗan kwikwiyo

Jama'a wallahi tausayin ɗan kwikwiyon nan ya hana ni sakat. Ƙanina ne ya sayo shi, irin Doberman ɗin nan, ashe mai kiwon ya riga ya sa an yanke masa kunne, wai don ya tsaya cak ya yi kwarjini. Yanzu jinya ta dawo kaina.

Babbar matsalar ƙuda ne. Rana na ɗagawa sai su yi masa caa a bakin ɗinkin, shi kuma ya dinga kaɗa kai yana ɗaga ƙafar baya zai sosa, ka yi sake kaɗan ya tsinke zaren jini ya dawo sabo. Dole muka sa masa robar nan mai kama da mazurari a wuya muka maida shi ɗaki. Safe da yamma ina goge gefen da auduga, in shafa maganin da likitan dabbobi ya bayar, har sunsunawa nake yi, don wari ko mugunya ko kumburi alama ce ciwon ya harbu. Wani maƙwabci cewa ya yi a shafa baƙin mai, na ce haba malam, ɗanyen ciwo fa?

Zaren sai kwana 10 zuwa 14 ake cirewa, bayan nan a shiga naɗe kunnen a tsaye da filasta wata da watanni, kuma ba a so naɗin ya jiƙe.

A Ingila doka ta hana yankan nan, ni kam da an shawarce ni da ba a taɓa kunnen ba. Asabar in sha Allah za mu koma a duba ɗinkin.