Sukurun da ke cikin baƙin akwati

Ranar Asabar na tarar da yaron da ke koyon aikin waya a garejinmu ya cire murfin katawut, wato baƙin akwatin da ke daidaita cajin batir, na wata tsohuwar Land Rover, sukundireba a hannu, ɗaya hannun riƙe da salula yana kallon bidiyo. Motar gado ce, irin Series IIA da aka ƙera daga 1961 zuwa 1971, har yau da dainamonta, janaretan da ke cajin batir, na kamfanin Lucas. Na ce, "Kai, me za ka yi?" Ya ce, "Baba, caji ne ya yi ƙasa, zan ɗan ƙara mata." Na ce ina mita? Wai ai ana ganewa a hasken fitila. Ban san sanda na fizge sukundireban ba.

Ina kamar shekarunsa na yi wannan ɗanyen aiki. Lokacin waɗannan motoci ba abin ajiya ba ne, su malaman gona da na dabbobi ke shiga daji da su. Wani direba ya kawo tasa, ya ce kullum da safe sai an tura. Maigidana ya tafi ta'aziyya ƙauye, ni kuwa na gaji da wanke kan batir, ina so a san da ni. Na buɗe baƙin akwatin. Naɗin waya biyu ne a ciki, kowanne da sukurunsa. Ɗaya shi ne katawut na ainihi, mai haɗa dainamo da batir in wuta ta kai bolt 12.7 zuwa 13.3, ya raba su in inji ya lafa don kada batir ya juye cikin dainamo. Ɗayan shi ke tsayar da iyakar bolt ɗin wutar. Duk wannan daga baya na sani. Ran nan abin da na sani kawai, in ka murɗa na biyun dama, allurar caji na hawa. Na murɗa ta hau. Direba ya washe baki, ya ce, "Ƙara mata, ɗan samari." Na ƙara. Har tukuici ya ba ni.

Ana tsakiyar zafin bazara ya kama doguwar hanya. Da igiya aka jawo motar. Tun kafin a ɗaga bonet wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika garejin: batir ya tafasa, ruwansa ya ƙafe, wanda ya yi ambaliya ya fara cin ƙarfen mazauninsa. Ƙwan fitilu sun ƙone. Maigida bai ce mini uffan ba, sai ya kwance dainamon ya miƙo mini. A cikin gangar jikinsa ga wani farin zobe na dalma, wadda ta narke daga jikin amica, wato abin da ke juyawa a cikin dainamo, ta fantsama. Ya ce, "Riƙe, aikinka ne." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, laifin ba nawa kaɗai ba ne. Babu mitar bolt a shagon. Shi kansa maigida da ido yake saitin, in zai yi kuma sai ya aike ni sayo goro, don kada in gani. Wanda aka ɓoye wa ilimi, in ya lalubo da kansa ya yi ɓarna, wa za a tuhuma? Haka na riƙa gaya wa kaina shekara da shekaru. Sai dai na san lokacin da allurar ta wuce inda na saba ganinta, gabana ya faɗi, na kuma ci gaba da murɗawa saboda ana yaba ni. Wannan kam ba maigida ya sa ni ba. Kuma albashin direban aka yanka, ba nawa ba, don ba ni da shi.

Abin haushin, akwatin lafiyarsa ƙalau. Batirin ne ya tsufa, motar kuma yawon cikin gari take yi a hankali. Dainamo ba altaneta ba ne, ba ya caji in inji na silo, shi ya sa jar fitilar kan allo ke ɗan lumshewa a tsaye, kuma ba ciwo ba ne. Dainamo samfurin C40 amfiya 22 ne iyakarsa, akwatin RB106 mai naɗi biyu kuwa ba shi da wani naɗi na daban da zai hana a wuce wannan iyaka. Ka ɗaga bolt, dainamo ya yi ta turo wuta har ya dafa kansa.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawarwari goma. Ina, ba za ku karanta ba, yaran yanzu in abu ya wuce minti guda sun goge allo sun wuce. To kar ku taɓa sukurun nan. Duba fambel, duba gawayin dainamo, goge kan batir da wayar da ke bin bodi, gwada batirin kansa. Galibi a nan maganar ke ƙarewa.

Ko da yake, in kowa ya ƙi taɓawa, wa zai iya bayan mun mutu? Ku taɓa, amma da mita, kuma yadda Lucas suka tsara. A raba akwatin da batir, ko da ta hanyar soka 'yar takarda tsakanin bakin katawut, a ɗora mita tsakanin kan akwatin mai alamar D (na dainamo) da mai alamar E (na bodi), a ɗaga inji. A yanayi mai zafin maki 20 na Celsius ana neman bolt 16.0 zuwa 16.6, a zafi irin namu na maki 40 kuwa 15.8 zuwa 16.4. Sukurun naɗi na biyu za a murɗa: dama ƙari, hagu ragi, kaɗan-kaɗan. A gama cikin daƙiƙa 30, don in naɗin ya ɗumama mita ƙarya za ta faɗa maka. Na san wani zai ga 16 ya ce ai batir 14 yake so. Wannan awon babu batir a kai ne, ɗan gaggawa, karanta da kyau.

Masu cewa a cire dainamo a sa altaneta a huta, da gaskiyarsu, ni ma na sha yi wa mutane. Amma in na ga an yi wa mota mai shekara sittin haka raina ɓaci yake, kar a tambaye ni dalili. In an cire, a nannaɗe tsohon a ba mai motar, kar a kai wa 'yan gwangwan.

Sai kuma kafin ka ɗaura batir, dubi wane kai ne ke bin bodi. Waɗanda aka ƙera kafin 1967 kan fulos ne a jikin mota, sai in wani ya juya a baya. In an juya, ko an sa wani dainamon, sai an ɗan taɓa wayar wuta daga kan batir da ba ya bin bodi a kan ƙaramin kan dainamon mai alamar F don ya san hanyarsa. Kuma don Allah kar ka soka cajar wayarka a irin wannan mota kafin ka tambaya.