Kokofit da fit mos: abin da na gani a renon tumatir

Ni dai sana'ata renon iri, tumatir da tattasai da attaruhu, a tire nake shuka su in sayar wa manoman rani na bakin Galma. Da fit mos na fara, wannan baƙar ƙasar mai laushi da ake haƙowa daga fadamun ƙasashen sanyi irin su Kanada da Latbiya, dama tsami gare ta sosai, sai an cakuɗa mata farar ƙasa kafin a ƙulle buhu. Gaskiya iri na fita da kyau a cikinta, saiwa fara tas. To amma dala ta tashi, kuɗin buhu ya fi ƙarfina, ga hunturun Zariya kuma. Fit mos in ya bushe ƙayau to fa shi da ruwa sun ɓata, ka zuba ka ga ya gangare ta gefen rami ya zube ƙasa, ciki ko jiƙa bai yi ba. Rana ɗaya yarona ya makara ban ruwa, tire shida suka tafi.

Shi ne na koma kokofit, wato garin ɓawon kwakwa da ake matsewa kamar bulo, yawanci daga Indiya da Siri Lanka. Bulo ɗaya mai kilo 5 in ka jiƙa shi sai ya kumbura ya ba ka wajen lita 60, kuma ko ya bushe kana zuba ruwa zai sha.

A nan fa na yi ganganci. Mai kayan ya ce min Alhaji wankakke ne, zuba kawai, ni kuma ban gwada ba na cika tire na shuka. Iri ya fito, sati biyu ganye ya soma rawaya, bakinsa na ƙonewa, tsiro ya tsaya cak. Ashe gishiri ne maƙare a ciki. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba, don mutane sun riga sun ba da kafin alƙalami.

Yanzu sai na jiƙa shi a baho na tsiyaye sau uku, in kwanar da shi cikin ruwan takin kalsiyam naitiret, in sake ɗauraye shi. Na sayi 'yar mitar auna gishiri ma. Kuma shi kokofit ba wani abinci a cikinsa, da ganyen gaske ya fito, wato wanda ke biyo bayan ganye biyun farko, nake fara ba da taki a ruwa, kaɗan kaɗan. Nakan haɗa masa ɓuntun shinkafa da na babbaka, kashi ɗaya cikin huɗu, don iska ta samu shiga, in ba haka ba ya riƙe ruwa da yawa karan tsiro ya ruɓe daga gindi.

Fit mos ban rabu da shi duka ba, buhu ɗaya nake ajiyewa don tattasai mai tsadar iri, shi ma a inuwa nake jera tirensa kusa da tanki inda idona ke kai.