Godiya ga mutanen gidan tarihin Yukiren na New York

Salam jama'a. Alhamdulillahi mun je mun dawo lafiya, kuma wallahi dole in fito fili in gode wa ma'aikatan The Ukrainian Museum da ke East Village a Manhattan bisa karamcin da suka yi mana ni da yaran unguwarmu na Bronx.

Na san wasu za su ce me ya haɗa Bahaushiya da gidan tarihin Yukiren, to a birnin Kharkiv na ƙasar Yukiren na yi karatu sai da yaƙi ya koro mu a 2022, mutanen nan na ci abincinsu na zauna a gidajensu, ba zan manta ba. Shi kuwa gidan tarihin, ƙungiyar matan Yukiren mazauna Amurka ce ta kafa shi tun 1976, lokacin ƙasarsu na hannun Tarayyar Sobiyet, suka yi ta tara riguna masu aikin hannu da zane-zane don kada jikokinsu su tashi ba su san asalinsu ba. Yanzu amfanin abin ya fito, tunda ko gidan tarihin garin Ivankiv a can Yukiren, mai ɗauke da ayyukan shahararriyar mai zanen nan Maria Prymachenko, ai ƙonewa ya yi a farkon yaƙin.

Godiya ta musamman ga dattijuwar da ta koya wa yaran pysanka, wato zanen ƙwai. Baiwar Allah nan akwai haƙuri! Ta nuna musu yadda ake ɗiban kakin zuma da ɗan ƙaramin alƙalami a ɗumama a kan kyandir a ja layi, a tsoma ƙwan a rini mai haske tukuna, a sake zane, a haka a haka har a kai ga baƙi, ƙarshe a narkar da kakin a goge sai ga kaloli sun fito tsaf kamar an wanke wa amarya lalle. Wani yaro ƙwansa ya fashe ya sa kuka, ko a jikinta, ta miƙo masa wani ta riƙe hannunsa suka faro daga farko. Ba banza UNESCO ta sa sana'ar nan cikin kayan gadon duniya a 2024 ba.

Iyayen da suka amince suka ba ni yaransu, da 'yan uwan da suka taimaka da kuɗin jirgin ƙasa da abinci, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Su kuma mutanen Yukiren Allah ya kawo musu ƙarshen wannan yaƙi, amin.