Na je Masar busa leda

Jiya da daddare na sauka Kano, ko akwati ban kwance ba, amma bari in ba ku labari tun da zafinsa.

Shekara uku ina fama da ciki, kumburi, gyatsa, kwarnafi, da na sha shayi da madara sai cikin ya kama kugi kamar tsohon janareta. Kowa cewa yake olsa ce, ni kuma ina ta dirkar omeprazole daga kemis kamar gyada. Har na sa a raina a Alkahira tiyon nan mai kyamara za su zura min ta makogwaro, tsoronsa ya hana ni barci a jirgi.

Dan yayata da ke karatu a Azhar shi ya tarbe ni, ya kai ni dakinsu a unguwar Hayyul Ashir, su hudu ne amma suka bar min katifa mafi kyau, na ciro kudin cefane yaron nan ya bata rai, "Haba Kawu, so kake Umma ta ji?" Allah ya yi musu albarka.

A asibitin, matar da ke karbar kati ko dago kai ba ta yi ba, ta wurgo min takarda tana waya. A gida ko fada za a yi maka ai sai an amsa sallama tukuna. Likitan dai mutumin kirki, tambayarsa ta farko yaushe rabona da omeprazole, na ce yau da safe. Ya yi dariya ya ce sai na yi sati 2 ban sha ba, da antibayotik ne ma sati 4, don maganin yana kwantar da H. pylori, kwayar cutar da ke kawo olsa, sai gwaji ya nuna ba komai. Sati biyu fa! Ga kudin canza tikiti. Abin da sakon WhatsApp daya zai gaya min tun ina gida.

Ranar gwajin ba tiyo ba allura. Wata 'yar leda mai sheki aka miko min na busa, aka ba ni wani ruwa mai tsami-tsami na sha, bayan minti 30 na busa ta biyu, shikenan. Wai sinadarin yuriya ne a ruwan da aka yi wa alama, in H. pylori na cikin tumbi sai ta farfasa shi, alamar ta bi jini ta fito a numfashi. Likitan ya ce wasu 'yan Ostireliya biyu, Marshall da Warren, su suka gano kwayar, har suka ci Nobel a 2005. Ni dai ina rike da leda kamar yaro da balan-balan ranar sallah ina lissafin kudin jirgi.

Gwaji na biyu, na ganin ko cikina na narkar da madara, shi ne ya ba ni wuya. Jajibere aka hana ni wake, a garin da ful, dafaffen wakensu, shi ne karin kumallon kowa, sai farar shinkafa da kwai, na kwana awa 12 ba ci. Suka ba ni ruwan sukarin madara, duk rabin awa in busa wata na'ura har awa 3. In hanji bai narkar da sukarin ba kwayoyin cikinsa ne ke cinyewa su fitar da iskar haidirojin, lambar in ta haura da 20 an kama barawo. Tawa ta wuce nan, tun kafin sakamako ma cikina ya ba da shaida, kunya kamar in nutse.

Duka biyun dai ina da su, kwayar H. pylori da rashin narkar da madara. Maganin kwana 14, in sake busawa bayan wata guda da gamawa, madara kuma a rage, kindirmo da dan sauki.

A kasuwar Khan Khalili mai jallabiya ya ce fam 900, na taya 300, ya rantse na rantse, a 400 muka rabu, 'yan Kwari sun fi su saukin kai. Dalar Fir'auna daga mota na gan ta. Yanzu cigiya nake, wa ya san inda ake gwajin ledar nan a Kano ko Abuja?