Kanwa da toka a layi ɗaya

Hutun da ya wuce 'yar wana ta zo ta yi mana mako biyu, da littattafanta niƙi-niƙi don jarrabawar WAEC ta matso. Wata ranar Asabar na same ta a bakin madafi tana rera sunayen sinadarai ashirin na farko kamar mai tilawa: haidurojin, hiliyam, litiyam, har zuwa kalsiyam. Haka mu ma aka yi mana. Malaminmu na kemistiri ya zana jadawalin sinadarai a allo, ya ce gobe duk wadda ba ta kawo haddar ba jikinta zai gaya mata. Na haddace, na ci jarrabawa, amma na bar makaranta ban san dalilin da ya sa aka jera su haka ba.

Da ta kai na sha ɗaya sai ta ce, "Gwaggo, don me ake rubuta sodiyam da Na, fotasiyam kuma da K?"

Inna na gefe tana haɗa miyar yakuwa. Ta laluba gwangwanin kanwa ta tarar ya ƙare, ko a jikinta, ta ce a ɗauko mata ruwan tokar da ta tace jiya. Tana tsiyayawa miyar ta yi kumfa, tsamin ya kwanta. Na ce wa yarinyar ta ajiye littafin, amsarta na cikin tukunyar nan.

Na ɗin daga natiriyum ne, shi kuma daga natrun, wato kanwa. A Masar har yau akwai kwarin da ake kira Wadi Natrun. K daga kaliyum, wanda asalinsa kalmar Larabci ce, al-ƙalyu, tokar tsirrai. Daga nan ne ma sunan rukunin nasu, alkali, ya fito, ba shi da haɗi da alƙalin kotu. Mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam ne haɗe da kabonet, ruwan toka kuwa fotasiyam ne haɗe da kabonet. Abin da ke ba ni dariya, a Turancin Najeriya fotash ake ce wa kanwa, alhali toka ce ta cancanci sunan. A 1807 wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, ya fitar da ƙarafan biyu, sodiyam da fotasiyam, da ƙarfin lantarki, a shekara ɗaya.

Na sa ta ɗora yatsa a layin farko na jadawalin, ta gangaro. Sodiyam, lamba 11. A ƙarƙashinsa daidai, fotasiyam, lamba 19. Wa da ƙane. Kowace ƙwayar zarra ta sodiyam tana da elektiron 11, 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu cajin lantarki da ke kewaye tsakiyarta zobe-zobe, a jere daga ciki zuwa waje 2, 8, 1. Fotasiyam 2, 8, 8, 1. Wannan ɗayan da ke zoben waje shi ne halin gidansu gaba ɗaya. Ya yi musu kaya, neman wanda za su sauke wa suke yi ruwa a jallo. Shi ya sa ba a samunsu tsurarsu a ƙasa, a ɗakin gwaji ma cikin mai ake ajiye su. Taushinsu har wuƙa tana yankawa, amma ka jefa ɗan fotasiyam a ruwa, wuta zai kama.

Can ɓangaren dama, a rukuni na 17, wato layi na 17 da ya gangaro daga sama, akwai kulorin, mai 2, 8, 7. Ɗaya yake nema ya cika takwas. Iska ce mai guba. Sodiyam ya miƙa masa ɗayan nan, wanda ya bayar ya koma mai cajin tarawa, wanda ya karɓa mai cajin ɗebewa, sai suka manne wa juna. Ƙarfe mai tafasa ruwa da iska mai kisa, an haɗa su an sami gishiri, irin wanda raƙuman azalai ke ɗaukowa daga Bilma. Na ce mata ta lura in miya ta zubo a kan wutar gas, harshen yakan koma ruwan ɗorawa. Sodiyam ɗin gishirin ne ke nuna kansa.

Ba kowa ke bayarwa ba. A ruwa tarayya ake yi: oksijin da haidurojin biyu kowa ya kawo nasa su riƙe tare, kamar 'yan'uwa a gonar gandu. 'Yan rukuni na 18 kuwa, su niyon da agon, zobensu a cike yake, ƙosassu ne, ba sa neman kowa.

Abin da ya fi burge ni a tarihin jadawalin shi ne ƙarfin halin Dimitiri Mendelif, mutumin Rasha. A 1869 sinadarai 63 kawai aka sani. Da ya jera su ya ga wasu gurabe ba mai shiga, bai cusa kowa da ƙarfi ba, ya bar su fayau, ya ma faɗi nauyi da halin waɗanda za su zo. Aka gano galiyam a 1875, jamaniyam a 1886, suka zauna daram inda ya ce. Yau 118 ne. Wannan labarin ko sau ɗaya ba a ba mu shi a aji ba, kuma har yanzu ina jin haushi, don da shi aka fara da ba mu ɗauki jadawalin a matsayin horo ba.

Yarinyar ta juya wajen kakarta, da yake akwai wasa tsakaninsu, ta ce, "Tsohuwa, ashe ke ma kin san kemistiri?"

Inna ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, "Sai da kuka biya kuɗin makaranta kuka san toka na maye gurbin kanwa? Tashi ki miƙo min muciya, ruwan tuwo ya tafasa."